Lodin Kano a Tsakar Gida

Mijina ɗan kamasho ne a tashar mota a nan Gombe, fasinjan layin Kano yake kira, kuma tun kafin a kawo ni gidansa wannan ce sana'arsa. Duk wanda ya zauna da ɗan kamasho ya san ba su iya magana a hankali ba, maƙogwaron ya riga ya buɗe. Idan Malam ya ce mini, "Zo ki ji wata magana, daga ni sai ke," to kafin ya dire, Malama da ke bayan katangarmu ta ɗaga murya tana cewa, "Baban yara, ni dai a ganina kar ka yarda." Sallamarsa kuwa tun daga bakin titin Arawa nake jiyo ta yana raba wa masu shago, har in samu lokacin kwashe tuwo kafin ya iso ƙofa.

Ni kuma Allah Ya yi ni da son gida. Ba wanda ya hana ni fita, ni ce dai ban ga abin da ke waje wanda babu shi a tsakar gidana ba. Ina da inuwar dogonyaro, ina da kaji da akuya guda mai taurin kai, ina da murhu, sannan ina da kunne. Daga inda nake zaune ina tankaɗe na san wa ya dawo daga aiki, wa ya yi baƙi, wa miyarta ta kama. Shi ya sa da korona ta zo, aka rufe makarantu, aka ce kowa ya rage yawo, aka hana motoci tsallaka jiha, ni fa abin har daɗi ya yi mini, Allah Ya yafe mini. Ƙawayena masu ƙafar yawo suka dinga bugo waya: "Adda, don Allah yaya kike yi ne? Ni bango ya fara yi mini magana." Sai in gyara zama in ce, "To ki amsa masa mana, ai maƙwabcinki ne." Na zama malamar zaman gida, har da ɗalibai.

Malama ita ce babbar ɗalibata. Malamar firamare ce, Batangaliya daga Kaltungo, mun daɗe katanga ɗaya. An rufe makarantarsu, cocinsu na Herwagana ma an dakatar da taro na wani lokaci, sai ta koma rera waƙoƙinta tana shara. Idan hira ta motsa ta kife bokiti ta hau, ni in hau turmi, mu jingina haɓa a kan katanga.

Ina cikin wannan sarauta tawa ban lura da abin da ke faruwa a gidana ba. Da azumi kowa shiru yake, kowa bakinsa a bushe, ban kawo komai ba. Sai da aka yi Sallah aka ci aka ƙoshi, ruwa ya fara sauka, sannan na ga Malam bai dawo yadda yake ba. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure. Abinci ya ce in riƙa ajiye masa a bakin ƙofa in koma. In na zo ɗaukar kwano sai in tarar loma biyu ko uku ya yi. Rediyo na manne a kunnensa daga safe zuwa yamma, yana bin labarin wa ya kamu wa ya mutu. Hannu kuwa ya wanke ya wanke har bayan yatsunsa suka tsage. A cikin gidansa, shi kaɗai a ɗaki, yana sanye da takunkumi. In na matso sai ya ja baya kamar na ɗauko wuta. Wandonsa ya fara zamewa, ina ganin yana ƙara ɗaure tazuge, kuma yakan dafe ƙirji ya yi jim.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya."

Shi ke nan, kalma ɗaya, ita ma sai na karkata kunne. Ni, mai jin faɗuwar cokali a gida na uku.

Ranar da na tsorata sosai ita ce ranar da Malama ta hau bokiti ta ce, "Adda, Baban yara ya yi tafiya ne? To ta ina ya bi, hanya a rufe?" Yana nan zaune a zaure, taku goma daga inda take.

Na buga wa 'yarmu waya. Ita kaɗai gare mu, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Bauchi, ba hanyar zuwa. Ya ƙi karɓar wayar, ya ce a gaya mata lafiyarsa lau. Sai ta aiko mini da saƙon murya mai tsawo. Ta ce, "Inna, wannan ya yi kama da damuwa, kuma damuwa ciwo ce kamar kowane ciwo, tana hana ci tana hana barci. Ki rage masa rediyon nan. Kullum bayan la'asar ku zauna ku biyu, ku rufe ido, ku ja numfashi ta hanci a hankali, ku ɗan riƙe, ku sake ta baki. Sai kowa ya kawo a ransa wurin da hankalinsa ya fi kwanciya, kamar bakin kogi ko lambu, ya zauna a can na ɗan lokaci." Na saurara na sake saurara har na haddace, har da inda ta yi tari.

Da ƙyar ya yarda, don dai na ce umarnin asibiti ne. Ya zauna can bakin zaure, ni a gindin dogonyaro, tsakaninmu ana iya shimfiɗa tabarma uku. Na kwaikwayi muryar 'yar tawa na ce, "A rufe ido. A ja numfashi."

To ni matsalata, in na rufe ido kunnena ne yake buɗewa. Nan da nan na ji mijin Malama yana kurɓar shayi da wannan ƙarar tasa kamar ana zuƙe rijiya. Na ji wata a bayan layi tana cewa ba ita ta ɗauki ludayin ba, kuma daga muryarta na san ita ce. Na ji wani abu yana cakwal-cakwal kusa da kunnena, na buɗe ido ɗaya, ashe akuya ce ta kama gefen mayafina tana ci. Na danne dariya na ce, "Yanzu ga mu a bakin kogi." Sai na tuna ni ban san kogi ba. Ruwan da na sani shi ne na kwarin bayan unguwa in an yi ruwan sama. Na daure na ci gaba: "Ga ruwa yana tafiya a hankali... ga leda tana wucewa... ga takalmin roba ƙafa ɗaya... ga murfin bokitin wani..." Ban kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mini, na kife a tabarma ina buga ƙasa, Malama ma ina jin ta a bayan katanga tana shaƙewa.

Da na ɗago ina share hawaye, Malam ya riga ya tashi. Ko murmushi bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya saki labule.

Malama ta hau bokitinta ta yi ƙasa da murya. "Adda, ke ina ne wurin da hankalinki yake kwanciya?"

"Nan, bakin murhu."

"To shi fa? Kin ɗauki bawan Allah kin kai shi kogi. Me ya haɗa shi da kogi? Mutumin da ya yi furfura a cikin hon da hayaƙi?"

Muka dubi juna. Ban san wa ya fara ba, sai ga mu muna ƙyalƙyalewa kamar 'yan matan amarya.

Kashegari bayan la'asar na jera benci biyu a tsakar gida, ɗaya a bayan ɗaya. Na ajiye kujerar tsuguno a gaba, na ɗauko faifai ya zama sitiyari. Na jawo buhun masara na ɗora a kan bencin baya, na ɗaure akuya a ƙafar na gaba. Malama ta bayyana a kan katanga da hular zuwa coci da jakar hannu, har da hoda ta shafa.

Zuwana tasha a rayuwata bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Amma shekara da shekaru in Malam ya kira ni a waya daga can, tashar ce gaba ɗaya take shigowa kunnena ta bayan muryarsa. Na san kowa a wurin, fuskarsu ce kawai ban sani ba. Na tsaya na gyara murya na fara.

"Ruwan sanyi, ruwan sanyi, piya wata!" Na sauya murya: "Dafaffen ƙwai da yaji!" Na toshe hanci na zama mai maganin gargajiya da lasifikarsa mai shaƙewa: "Ina mai fama da ciwon baya? Ina wanda in ya durƙusa sai an taimaka masa ya miƙe? Matso kusa, kar ka ji kunya!" Na yi hon da baki, na yi ƙarar ƙofar bas da ake ja sau uku kafin ta rufu. Sannan na cika ƙirji na yi shi kansa: "Kano! Kano! Kano saura mutum biyu!"

Labulen zaure ya motsa. Ga shi tsaye da takunkuminsa, yana kallona kamar yana tunanin asibitin da za a kai ni.

Malama ta ɗaga jaka. "Direba, akwai wuri?"

"Akwai, Madam, shigo."

"Gidan gaba nake so, ina da ciwon gwiwa."

"Gidan gaba akuya ta riga ki."

"Akuya? To ta biya ne?"

"Ƙanwar mai motar ce."

Na saci kallonsa. Girarsa ɗaya ta ɗaga. Idonsa na kan buhun da na ɗora a wurin zaman mutum, har yatsunsa na motsi. Na yi kamar ban gani ba, na zauna a kujerar tsuguno na yi bismillah na murɗa faifai. "Vuuuum! Mun tashi, kowa ya yi addu'a."

Muna cikin tafiya Malama ta ce, "Direba, ina muka kai?"

Ni garin da na sani a wajen Gombe shi ne Kumo, can aka aurar da goggona, can kaɗai aka taɓa kai ni. A zatona duk motar da ta bar Gombe sai ta ratsa Kumo sannan ta san inda ta nufa. Na ce da ƙarfin gwiwa, "Ga mu a Kumo!"

"Kumo?" Malama ta dafe hula. "To daga nan fa?"

"Sai gaba."

"Gaba ai Billiri ce, Adda, sai Kaltungo! Gida za ki kai ni? Taka mota, Allah Ya yi miki albarka!"

"KE!"

Kaji suka watse, ɗaya har kan rufin kicin. Akuya ta finciki benci. Malama saura kaɗan ta faɗo daga bokiti.

"Wa ya ce miki ana bin Kumo a je Kano? Kudu fa kika nufa da bayin Allah! Juya motar nan! Dukku za ki bi, Dukku, sai Darazo! Kuma wane marar hankali ne ya yi lodin nan? Buhu a kujera, dabba a gidan gaba?"

Wallahi ban yi da gangan ba, kuma har yau Malama ba ta yarda ba. Na saki faifai na rufe baki da hannu biyu, dariya da kuka suna rige-rigen fita. Muryar ta dushe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, amma tasa ce.

"Sauka ki koma can," ya ce, yana nuna gindin bishiya. Ko a lokacin bai yarda na matso ba. Na koma. Ya sauke buhu ya tura shi ƙarƙashin benci, ya kwance akuya ya mayar da ita baya, ya ja baya ya duba aikinsa. Sai ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya ja numfashi mai tsawo ta hanci har kafaɗunsa suka ɗaga, ya riƙe, ya sake shi: "Kanoooo! Kano Kano Kano! Saura mutum ɗaya a tashi!"

Ba a yi minti biyar ba aka buga ƙofar gida. Wani mutum ne daga bayan layi, da jakarsa a kafaɗa, yana haki. "Salamu alaikum, an buɗe hanya ne?" Malama ta sulale daga kan katanga, sai dai muka ji ta a ƙasa tana kiran sunan Allah da yarensu. Ran nan Malam ya ci rabin kwano.

Muka mayar da abin kullum bayan la'asar. Rediyo sai ya jira mu sauka. Ya koya mini hanya kamar karatun allo: Dukku, Darazo, Birnin Kudu, Wudil. Ya nuna mini inda ramuka suke, in muka zo wurin sai mu yi tsalle a kan benci tare. Amma in an gama lodi, can ƙarshen bencin baya yake zama, ni ina gaba da faifaina, kuma da an isa Kano ya koma zaure ya saki labule.

Rana ta huɗu, mun wuce Dukku, Malama ta ce a sauke ta a Darazo, wakenta na kan wuta. Tsakar gida ta yi tsit, sai ni da nake ɗan yin ƙarar inji a maƙogwaro. Sai na ji ya ce, a hankali ƙwarai, irin hankalin da ban san ya iya ba, "Direba. Ki dubi hanyarki, kar ki juyo."

Na ƙura wa bangon kicin ido.

Ya ce ana saura kwana biyu a rufe hanya, wani tsoho ya zo zai koma Kano wurin 'ya'yansa, ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau mota. Shi ya rungumo shi ya ɗora shi a kujera. Tsohon ya yi tari a fuskarsa, ya ba shi haƙuri, ya sa masa albarka. Bayan kwana kaɗan direban ya bugo waya suna hira, ya ce ai tsohon nan ya rasu.

"Ban san me ya kashe shi ba," in ji shi. "Amma tun ranar nake jin abu a ƙirjina, yana matse ni. Na ce korona ce, ta zauna tana jira. Ke kuma ga ciwon asma. An ce masu irin ciwonki ba ta barinsu. In na shafa miki, me zan gaya wa yarinyar nan?"

Hawaye na ɗiga a kan faifai. Ban juya ba, tunda ya ce kar in juya. Na ce, "Malam, an yi azumi an gama. An yi Sallah. Gyaɗar Malama har ta tsiro. Wace irin cuta ce mai wannan haƙuri?"

"Ni ma ina gaya wa kaina haka. Ƙirjin ne ba ya ji."

"To direba zai tsaya a kira asibiti."

Na kira 'yarmu, wannan karon ya karɓi wayar. Ya maimaita mata komai. Ta yi kuka, ta yi masa faɗa kamar ita ta haife shi, sannan ta koma ma'aikaciyar jinya. Ta ce, "Baba, kwanakin da cutar take ɓoyewa a jiki sun wuce tuntuni. Tsoro ma yana matse ƙirji, yana sa mutum ya ji kamar numfashi ba ya isarsa. Amma ba zan yi maka hukunci ta waya ba. Gobe ka je a duba ƙirjin, a auna jininka, kuma ka gaya musu ba ka ci ba ka barci. Duka za ka faɗa, kar ka ce musu lafiya lau." Ya ce to. Ta ce, "Inna, wai me nake ji kamar akuya kusa da ku?" Na ce fasinja ce.

Ya tafi da safe ya dawo kafin azahar da ƙullin magani. Ƙirji lafiya, jini ne ya hau, an ce ya koma bayan mako biyu, an kuma yi masa magana mai tsawo a kan damuwa. Ba zan ce ya warke a ranar ba. Ya ɗauki lokaci kafin barcinsa ya daidaita, kuma wankin hannun bai bari da wuri ba.

Amma da la'asar ɗin ya fito ya yi lodi, ya duba ni a kujerar tsuguno ya ce, "Yau Madam ce za ta tuƙa. Miƙa mata sitiyari." Na miƙa wa Malama faifai ta saman katanga, ta karɓa tana cewa ita fa ba ta da lasin. Na koma bencin baya na zauna a tsakiya, na baje zanena yadda nake so.

Ya zo ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Hajiya, motar gidanku ce? Mutum huɗu ake zama a layin nan. Matsa."

Na matsa.

"Ƙara."

Na ƙara har rabin jikina ya bar benci. Ya zauna ya matse ni da kafaɗa da ƙugu, ga benci nan fili guda a ɗaya gefen nasa ba kowa. Ƙashin kafaɗarsa har sukana yake yi don rama. Na ce, "Malam, ai za ka karya ni."

"Haka kowa yake haƙuri. Madam, ja mota!"

"Ta Kumo ko ta Dukku?" in ji Malama.

Na ji dariyar tana tasowa a haƙarƙarinsa kafin ta fito.